An ce tagwayen da ke cikin matata manne suke: ana raba su su rayu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12 da ke Legas. Maiɗakina na da cikin fari, wata biyar. Mun je ɗaukar hoton ciki a wani asibitin kuɗi, aka ce mana tagwaye ne, kuma manne suke da juna ta ciki. Iyayenta suna wani ƙauye a Jigawa, sun ce in wata bakwai ya cika a kai ta goyon ciki kamar yadda aka saba. Abokan kasuwa kuma kowa cewa yake in fara neman hanyar Saudiyya tun yanzu. Shin ana raba irin waɗannan yara su rayu? Ana yi a ƙasar nan? Kuma me yake jawo haka?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya ba ku juriya.

E, ana raba su, kuma ana yi a Najeriya. Amma zan fara da maganar da ka sako a tsakiya kamar ba ita ce babba ba, wato goyon ciki. Kada ka sa maiɗakinka a mota zuwa ƙauye. Tagwayen da suke manne, idan ciki ya kai watanninsa, galibi ba sa fitowa ta hanyar da mata suka saba haihuwa. Ƙugun mace ɗa ɗaya yake bari ya wuce, sannan na biyu ya biyo baya. Su kuwa waɗannan tare za su taho, sai su cije a hanya. Ungozoma za ta ga kai ya fito, ko ƙafa, ta yi ta ja, ba ta san akwai wani jikin da ke riƙe da shi a ciki ba. Abin da ke biyo baya mun sha ganin sa: doguwar naƙuda, mahaifa ta fashe, jini ya ɓalle, ko uwa ta tsira da yoyon fitsari, yaran kuma an rasa su. A duniya baki ɗaya, tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na irin waɗannan tagwaye ba a haifar su da rai, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa wuce kwana guda. Wani ɓangare na wannan asarar daga halittar yake, babu wanda ya isa ya sauya shi. Amma a wajenmu akwai ƙarin da nisan hanya da jinkiri ke kawowa, kuma wannan ƙarin shi ne yake hannunka.

Surukanka ba da mugun nufi suke ba, al'ada suke bi, mai kyau ma kuwa. Kada ka sallame su da kiran waya. Ka samu babba a danginka ya taka ya je ya zauna da mahaifinta, ya ce likitoci sun hana ta tafiya, a roƙi alfarma mahaifiyarta ko wata gwaggonta ta zo Legas ta zauna da ita har a yi arba'in. Goyon cikin ne dai, wuri kawai ya sauya.

Hoton da aka yi muku kuma bai gama magana ba. Akwai tagwayen da ke zaune cikin jakar ruwa ɗaya, babu tantani a tsakaninsu, suna rungume da juna, wanda bai ƙware ba sai ya ce manne suke. Ka karɓi takardar turawa daga inda kuka yi hoton, ku mayar da awonta asibitin koyarwa, ko LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja, inda likitocin mata da na jarirai da na tiyatar yara suke a gida ɗaya. A can za a sake dubawa, ba sau ɗaya ba. Ana lura ko kullum a yanayi ɗaya ake samun su, fuska na kallon fuska, kawuna a daidai wuri ɗaya, ko da uwa ta juya ko ta tashi ta zagaya. Ko fatar ɗaya ta zarce cikin ta ɗayan. Ko igiyar cibiya ɗaya ce mai jijiyoyi fiye da uku. Kun zo a kan gaɓa, domin daga mako na 18 zuwa na 22 ne kayan cikin ɗan tayi suka fi fitowa a hoto. Za a yi hoton zuciyoyinsu na musamman, wataƙila a ƙara da hoton MRI, wanda ba ya cutar da ciki.

Duk wannan bincike abu ɗaya yake nema. Mutane da yawa suna ɗauka aikin nan kamar ɓara goro ne, a sa farce a tsaga, kowane ɓari ya fita sumul. Faɗin wurin da fata ta haɗu, wanda shi ido ke gani, ba shi ke yanke hukunci ba. Abin da suke tarayya a kai a can ciki shi ne, kuma kafin a san shi, duk likitan da ya ce maka "za a raba" ko "ba za a rabu ba" gaibu yake faɗa.

Zuciya ce kan gaba. Idan kowanne na da tasa cikakkiya, mai ɗakuna huɗu, tana bugawa a nata lokacin, to ƙofa a buɗe take, ko da jakar da ta lulluɓe zukatan biyu ɗaya ce, domin ita jakar ana raba ta a yi wa kowa faci. Idan kuwa ɗakunan ƙasa, masu tura jini, su ne a haɗe, to likitanci bai kai ga raba irin wannan zuciya yara biyu su tashi ba, a nan ne ko a Landan ko a Riyad. Shi ya sa waɗanda suka haɗu ta ƙirji, duk da suna cikin waɗanda aka fi haifa, su ne suka fi wuyar sha'ani. Don haka in mutum ya ce min "ta ciki", sai in tambaye shi daga ina zuwa ina. Daga cibiya zuwa ƙarshen ƙashin ƙirji ne, ko har ya hau tsakiyar ƙirjin? A jikin ɗan tayi tazarar ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba, amma labarin ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Waɗanda suka haɗu ta ciki zalla, galibi hanta ce ke haɗa su, kuma su suka fi kowa sa'a. Allah Ya yi wa hanta wata baiwa: in an yanke sashenta, cikin 'yan makonni takan tofo ta mayar da girmanta. Sharaɗin shi ne kowane yaro ya zama yana da jijiyoyin da ke kwashe jini daga hantarsa zuwa tasa zuciyar, kuma yana da hanyar da ruwan madaciya zai bi ya sauka hanjinsa. In ɗaya ba shi da jijiyoyin nan, jinin hantarsa ta jikin ɗan'uwansa yake komawa, ana rabawa hantar za ta kumbura da jini ya rasu a kan tebur. In hanyar madaciya ɗaya ce tak, sai a bar wa ɗaya, a ƙera wa ɗayan sabuwa da guntun hanjinsa. Wani lokaci akwai wani tsawon ƙaramin hanji da suke amfani da shi tare; shi ma rabawa ake yi, ana lissafin kowa ya samu abin da zai ishe shi tsotse abinci, in ba haka ba yaro ya tashi yana ci ba ya ƙiba.

Akwai waɗanda ke haɗuwa ta ƙugu ko ta gadon baya. Su zuciya ba ta cika zama matsala ba, amma babban hanji da dubura da mafitsara da al'aura, wani lokaci har ƙarshen laka, na tarayya ne, ƙafafu kuma kan zama huɗu ko uku ko biyu. Ana raba su, sai dai iyaye su sani tun farko cewa ɗaya ko duka biyun na iya tashi da jakar bayan gida a gefen ciki, na ɗan lokaci ko na dindindin, da ƙafar roba, da tiyata bayan tiyata har su girma.

Waɗanda suka haɗu ta kai suna cikin mafi ƙaranci, kusan ɗaya a haihuwa miliyan biyu da rabi, amma su suka fi shan kyamara. Wahalarsu ba ƙashin ƙoƙon kai ba ne, manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa ne. A 1987 Dakta Ben Carson da tawagar mutum 70 sun yi awa 22 a asibitin Johns Hopkins na Amurka suna raba wasu yara maza 'yan Jamus. Duka sun rayu, amma da naƙasa mai tsanani a ƙwaƙwalwa, kuma wannan ɓangaren na labarin ba a cika faɗa ba. A 2003 wasu 'yan mata biyu 'yan Iran masu shekara 29 sun nemi a raba su da bakinsu, aka yi a Singafo, jini ya ƙi tsayawa, duka suka rasu. Daga irin waɗannan aka koyi yin aikin daki-daki: a ɗaure wasu jijiyoyi, a rufe, a jira makonni ƙwaƙwalwa ta nemi sababbin hanyoyi, a dawo. Haka asibitin Great Ormond Street na Landan ya yi da wasu yara 'yan Pakistan tsakanin 2018 da 2019, sama da awa 50 a cikin manyan ayyuka uku. Tunda naka ba ta kai aka ce ba, bari in bar wannan.

Me ya jawo? Ƙwai ɗaya ne. Tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai guda suke, wanda ke rabuwa biyu a kwanakin farko. In rabuwar ta yi jinkiri har ta kai wajen kwana 13 zuwa 15 da shigar ciki, sai ta ƙi kammala. Wasu masana kuma na ganin rabuwa suke yi sannan su sake haɗewa tun suna ɗanyu. Ko wanne ne, abin ya faru tun kafin ita kanta ta tabbatar ta yi ɓatan wata. Shi ya sa kullum jinsinsu ɗaya ne, ko Hassan da Husaini ko Hassana da Husaina, ba a taɓa samun mace da namiji ba, kuma kusan 7 cikin 10 mata ne. Ana samun su sau ɗaya a haihuwa 50,000 zuwa 200,000. Ba abin da ta ci ba ne, ba fita lokacin husufi ba ne, ba sammu ba ne, ba shafar aljanu ba, ba kuma gadon gidanku ko gidansu ba. Ka faɗa mata wannan da bakinka, domin mata kan ɗora wa kansu laifi su yi shiru. Maƙwabtanku Yarabawa sun yi suna wajen haihuwar tagwaye, garin Igbo-Ora na jihar Oyo har alfahari yake da hakan, amma yawancin nasu na ƙwai biyu ne, waɗanda ba sa mannewa.

Da zarar an ciro yaran, dangi za su fara tambayar yaushe za a raba. Amsar da ta fi alheri ita ce ba yanzu ba. Jariri mai kilo biyu da rabi, jinin jikinsa kaf bai wuce mililita 200 da 'yan kai ba, ledar jini ɗaya ta babba ta ninka shi. Huhunsa bai nuna ba, sanyi na kama shi nan da nan, hotunan da za su nuna jijiyoyinsa dalla-dalla ba a gama su ba. Shi ya sa in yara na numfashi da kansu, suna sha, suna bayan gida, akan jira watanni, sau da yawa tsakanin wata 3 zuwa shekara guda, wani lokaci fiye. A manyan cibiyoyin da suka daɗe suna wannan aiki, wanda aka yi bisa shiri kusan yara 8 cikin 10 ke rayuwa, na gaggawa kuwa ko rabi ba ya kaiwa. Ba a shiga na gaggawa sai dole ta kama: ɗaya ya rasu ko yana dab da rasuwa, wanda in ba a raba ba ɗan'uwansa zai bi shi cikin sa'o'i tunda jininsu na gauraya, ko hanji ya toshe, ko tantanin cibiya ya fashe kayan ciki suka fito.

Watannin jiran nan su ne aikin da ba a nunawa a talabijin, kuma a ganina su suka fi ranar tiyata nauyi. Nonon uwa za a riƙa tatsa a ba su, a cokali ko ta bututun hanci, domin yara biyu masu kallon juna ba sa kama mama da sauƙi. Ana juya su a kai a kai kada gefen da suke kwanciya ya yi gyambo. Kowanne da nasa katin rigakafin. Sau da yawa za ka ga ɗaya na cika yana sheƙi, ɗayan na ramewa ko da shi ya fi ci, domin abin da ya ci na tsallakawa ta jini zuwa ɗan'uwansa. Sannan ga fata. Yara biyu da suka haɗu ta ciki, bangon cikin da ke wajen bai isa mutum biyu ba. In an raba, kowanne zai tashi da rami. Don haka wani lokaci ana dasa 'yan balan-balan na roba a ƙarƙashin fatarsu, duk mako a ɗura musu ruwan gishiri da sirinji, fata ta yi ta miƙewa har wata ɗaya da rabi ko biyu, a samu abin rufewa.

Ranar aikin, abin da zai fara ɗaukar idon baƙo a ɗakin tiyata launi ne. Ɗaya yaron ja, ɗayan shuɗi. An manna filasta mai launinsa a hannunsa da ƙafarsa, a kowane sirinji, kowace igiyar ƙarin ruwa, kowace na'ura, har hulunan ma'aikata. Likitocin sa barci tawaga biyu ne, kowace da yaronta da na'urarta, mai ja ba ya taɓa abin shuɗi. Ba ado ba ne. Hannuwa huɗu da ƙafafu huɗu a cukuɗe ƙarƙashin mayafi, igiyoyi sun fi ashirin, in ba launi sai a yi wa Hassana allurar Husaina. Kuma ko ba a yi kuskure ba, maganin barcin da aka sa wa ɗaya yana tsallakawa, sai ka ga 'yar'uwarta ta fara lumshe ido tun ba a zura mata bututun numfashi ba. Zura bututun kansa aiki ne, tunda fuskokin na kallon juna kuma wuya a banƙare yake; in ka ɗaga ɗaya sama don ka samu hanya, jininta ya gangara jikin ta ƙasa, nata awon jinin ya faɗi. Akan yi awanni ana wannan kafin wuƙa ta taɓa fata. Ɗakin da ɗumi ake barin sa saboda yaran, manya su yi ta zufa. Kwanaki kafin nan an yi atisaye da 'yar tsana biyu da aka ɗaure da bandeji: wa zai ɗauki wace, ta wane gefe za a bi zuwa tebur na biyu, wa zai riƙe igiyoyi, wa ke tsaye kan janareto da tukwanen oksijin in wuta ta ɗauke. A ƙasar nan wannan na ƙarshen yana cikin jerin tun daga sama.

Hanta ana yanka ta ne kaɗan-kaɗan, ana ƙona ƙananan jijiyoyi ana ɗaure manya, masu sa barci na lissafin kowane ɗigon jini suna mayarwa. In an yanke abu na ƙarshe da ya haɗa su, 'yan jarida a nan suke sa aya. A wajenmu kuwa nan ne aiki ɗaya ya zama biyu. Kowace tawaga ta koma gyara da rufe nata yaron, kuma rufewar ta fi yankan tayar da hankali: in ka ja fata da ƙarfi ka ɗinke, ciki ya matse huhu, yaro ya kasa numfashi, jini ya kasa komawa zuciya. Gara a sa raga ta musamman a bar wurin da sauƙi, a dawo daga baya. Sannan kwanakin sashen kulawa ta musamman, kan na'urar numfashi, ana yaƙi da ƙwayoyin cuta. Yara da yawa da aka rasa a waɗannan kwanakin aka rasa su, bayan an riga an yi ta murna.

Wani darasi na wannan fanni ma daga Kano ya samo asali. A 1953 an haifi tagwaye mata a can, manne ta ciki, aka kai su asibitin Hammersmith na Landan, Farfesa Ian Aird ya raba su a watan Disamba na shekarar. Ɗaya ta rayu, ɗayar ta rasu jim kaɗan bayan aikin. Da aka bincika sai aka ga wasu 'yan ƙananan halittu da ke zaune a kan ƙodarta, masu fitar da sinadarin da ke riƙe jiki lokacin wahala, ba su girma ba. Ashe da na 'yar'uwarta take rayuwa. Shi ya sa har yau ake tanadar wa irin waɗannan yara allurar wannan sinadari lokacin aiki.

Batun ko sai an fita waje. A Yola, Farfesa Auwal Abubakar da tawagarsa sun raba tagwaye ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a asibitin tarayya da yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, har jirgin sojan sama ya taɓa ɗauko wasu daga Bayelsa ya kai musu. A Nuwamba 2019, Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ya raba wasu yara mata da suka haɗu ta ƙirji da ciki, ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Ameh, da ma'aikata 78, cikin kusan awa 13, bayan an yi sama da shekara ana renon su a asibitin, kuma asibitin ne ya ɗauki nauyi. Abokanka da ke maganar Saudiyya su ma ba su yi ƙarya ba. Shirin can tun 1990 yake, ƙarƙashin Dakta Abdullah Al-Rabeeah, kuma a ƙarshen Fabrairu 2024 sun raba wasu yara mata 'yan Kano a asibitin yara na Sarki Abdullah da ke Riyad, waɗanda suka haɗu ta ƙasan ciki da ƙugu da ƙarshen gadon baya. Amma ka lura da abu biyu. Yaran nan sai a Oktoba 2023 suka bar ƙasar, wato an haife su a nan, an rene su a nan. Kuma babu cibiyar waje da ke karɓar yaro da hoton waya. Rahoton likitoci da hotunan bincike suke nema, su zauna a kai, sannan su ce a kawo ko kada a kawo. Ke nan hanyar Riyad ɗin ma ta asibitin koyarwa take bi.

Ra'ayina shi ne, in bincike ya nuna zuciya biyu da haɗin hanta, babu dalilin da zai sa ka sayar da rumfarka kana neman biza. A yi a gida, inda uwa ke da mai taya ta, inda kuma likitocin da suka yi aikin za su ci gaba da ganin yaran shekara da shekaru. In haɗin mai sarƙaƙiya ne, likitocin da kansu za su ce maka ya fi ƙarfin kayan aikinsu, su rubuta inda ya dace, a cikin ƙasa ko waje. Tawagar kirki ba ta jin kunyar faɗin haka. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai ɗokin a yi don a shiga labarai.

Dole kuma in faɗa maka ɗaya fuskar. Ana iya gama bincike a ce ba za su rabu ba, ko a ce in an raba ɗaya ce za ta rayu. A shekarar 2000 an yi irin wannan a Manchesta ta Ingila: iyaye 'yan Malta suka ƙi yarda, asibiti ya kai kotu, kotu ta ba da izini, aka raba, mai raunin ta rasu nan take kamar yadda aka sani tun farko, ɗayar ta rayu. Wani uba ɗan Senegal kuwa da ya kai 'ya'yansa mata Birtaniya, da aka gaya masa zuciyar ɗaya ba za ta jure ba, ya ce a bar su tare, likitoci suka mutunta, yaran har sun shiga makaranta a Kadif. Chang da Eng Bunker da aka haifa a Siyam, Tailan ta yau, a 1811, sun yi shekara 62 a manne, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya 21 a tsakaninsu. A Amurka akwai 'yan'uwa mata biyu masu gangar jiki ɗaya da suke koyarwa a firamare. In Allah Ya kai ku wannan mararraba, ba shawarar da za ka yanke a tsaye a baranda ba ce. Ka nemi a zaunar da ku kai da ita, a zana muku a takarda, ku je wa malamin da kuka amince da iliminsa da bayanin likita a hannu ba da jita-jita ba. Iyayen da suka ce a bar yaransu haka bayan sun fahimci komai ba su yi sakaci ba, kuma haƙƙinsu ne a ci gaba da kula da yaran, a ciyar, a kawar musu da ciwo.

Kuɗi za a kashe, ba kaɗan ba, kuma mafi yawansa a watannin kwanciya ne ba a ranar tiyata ba. Kowane asibitin koyarwa na da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ka fara da su tun ranar farko. Shugabannin kasuwarku da fadar Sarkin Hausawan yankinku za su iya buɗe maka ƙofofin da kai kaɗai ba za ka iya ba, haka gwamnatin jiharku ta asali. In za a yi gidauniya, a sa kuɗin ya riƙa shiga asusun asibiti kai tsaye da sunan yaran. Za ka ga mutanen da ba ka sani ba sun zo da waya suna neman hoto "don a taimaka". Wasunsu da hoton za su yi bara a Facebook da WhatsApp, kai ko sisi ba za ka gani ba, yaran kuma su girma su tarar da tsiraicinsu a hannun duniya. Kada a ɗauki hoto sai da izininka da nata. Abin da abokan kasuwa za su yi maka wanda ya fi shawarar biza amfani shi ne ba da jini: ka rubuta sunayen masu lafiya da suka yarda, domin za a buƙata ranar haihuwa, a sake buƙata ranar rabawa.

Ita haihuwar aiki za a yi mata, bisa rana da aka tsayar, galibi wajen mako na 36 zuwa 37, da likitocin jarirai tawaga biyu a tsaye da kwalba a shirye. Sau da yawa a tsaye ake tsaga mahaifar don yaran su fito tare, wanda ke nufin duk haihuwar da za ta yi nan gaba ita ma aiki ne, kuma ta huta kamar shekara biyu kafin wani cikin. Samun wannan bai sa cikin gaba zai zo haka ba. Mai zaman jego ta sani ba a watsa wa ɗinki tafasasshen ruwa da ganye, kunun kanwa kuma a bar shi.

Irin wannan ciki yakan tara ruwa da yawa, ruwan kuma kan tayar da naƙuda kafin ranar da aka sa. Kai ka san titin Ikorodu da safe ko da yamma, daga Mile 12 zuwa Idi-Araba ko Ikeja ba tafiyar mai naƙuda ba ce. In ciki ya shiga wata na takwas, ka mayar da ita gidan wani ɗan'uwa kusa da asibitin, Idi-Araba cike take da mutanenmu, in ma likitoci ba su riga sun ba ta gado ba. Ruwa ya fashe, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ko jini, ko motsin yaran ya ragu, ko numfashi ya fara yi mata wuya, kai tsaye can za ku nufa ko ƙarfe nawa ne, ban da tsayawa a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa. Katin awo da hotunan da takardar likita su zauna a jakarta kullum, domin likitan da ke bakin aiki da ƙarfe biyun dare wataƙila bai taɓa ganin ta ba, kuma layin da zai karanta cewa tagwayen manne suke shi zai sa a wuce da ita ɗakin tiyata maimakon ɗakin naƙuda.